Byang Kato: Yaron Da Aka Keɓe Wa Tsafi, Ubangiji Ya Keɓe Wa Bishara

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34, 2 Timoti 2:15

Ɗan'uwa ƙaunatacce, wataƙila ka taɓa jin ana faɗa a majami'a cewa yawan karatu yana kashe wutar Ruhu. Ana ba da labarin saurayin da ya tafi makarantar tauhidi yana cike da addu'a da azumi, ya dawo da manyan kalmomi amma gwiwarsa ta daina taɓa ƙasa. Irin wannan yana faruwa, ba ma musu. Akwai kuma wata hasarar da ba mu cika ambata ba. Ita ce ta mai wa'azin da yake da zafi amma bai san Maganar Allah sosai ba, har ya shigo da tsafi cikin ikilisiya da sunan Yesu, shi kansa bai gane ba. Yau za ka karanta labarin bawan Allah wanda ya yi karatu har digiri na uku, ya kuma mutu yana mai wa'azin ceto. Sunansa Byang Kato. Ɗan ikilisiyar ECWA ne, ba ɗan Fentikos ba, amma abin da Ubangiji ya koyar ta wurin rayuwarsa namu ne duka.

An haife shi a shekarar 1936 a Sabzuro, kusa da Kwoi, a ƙasar Jaba, wato mutanen Ham, cikin Jihar Kaduna ta yau. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi tun 1910, amma gidan su Byang yana kan addinin gargajiya. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama matsafi idan ya girma. Da ya kai wajen shekara 10 aka kai shi daji tare da tsaransa, aka yi musu al'adar zama maza, aka koya musu asiran kabila. A idon iyalinsa an riga an yanke abin da zai zama.

Wata 'yar mishan takan zo unguwarsu tana ba yara labarin Yesu. Ta haka yaron ya fara zuwa Makarantar Lahadi, daga baya ya shiga makarantar mishan. Yana ɗan shekara 12, malaminsu ya ba su labarin Nuhu da jirgi, ya nuna musu cewa kamar yadda jirgin nan ya zama mafaka ɗaya tak daga ruwan tufana, haka Yesu Almasihu yake ga mai zunubi. Byang ya tashi tsaye a gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu. Aka yi masa baftisma a 1948. Mahaifinsa ya husata ƙwarai. Ya duke shi, ya hana shi abinci, ya ƙi biyan kuɗin makaranta. 'Yan mishan suka ba yaron ɗan aiki domin ya biya wa kansa. Bai zagi mahaifinsa ba, bai kuma koma wa tsafi ba. Ya ci gaba da taimako a gona yana zuwa makaranta. Daga baya iyayensa duka biyu suka ba da gaskiya ga Almasihu. Idan kai ma kana shan tsanani a gidanku saboda bangaskiya, ka tuna da wannan, kada ka fid da zuciya a kan iyayenka.

A 1953 aka yi babbar falkaswa a Kwoi. A lokacin ne Byang ya miƙa kansa ga aikin Ubangiji. Ka lura da jerin abubuwan: ceto ya fara zuwa, sai miƙa kai, sa'an nan karatu. A 1955 ya tafi Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Kwara ta yau. Can ya fara zama cikin mutanen da harshensu da abincinsu da gaisuwarsu suka bambanta da nasa. Ya gama a 1957, ya yi aure a shekarar. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki, ya kuma yi aiki a Legas da mujallar African Challenge. Bai sami shiga sakandare kamar wasu ba, saboda haka da aiki da iyali a wuyansa yake karatu ta hanyar wasiƙa, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar jami'a. A 1963 ya tafi Landan, ya yi digirin farko a fannin tauhidi. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA. Ya riƙe wannan aiki a Jos cikin shekarun da 'yan'uwa a Almasihu suke gefe biyu na fagen yaƙi.

A 1970 ya ajiye kujerar, ya kwashi iyalinsa zuwa makarantar tauhidi ta Dalas, a jihar Teksas ta Amurka. Kana iya tambaya, me mutumin da ya riga ya zama shugaba yake nema kuma a aji? Yana da tambayar da ta dame shi, kuma daga gida ya taho da ita. A shekarun nan ƙasashen Afirka sun sami 'yancin kai, mutane suna neman mayar da martabar al'adunsu da Turawa suka rena. Wannan abu ne mai kyau. Amma a jami'o'i wasu masana suka fara koyarwa kamar addinin gargajiya ma hanyar ceto ne, kuma a ƙarshe kowa zai tsira ko ya san Almasihu ko bai san shi ba. Kato ya ga cewa idan wannan koyarwa ta shiga makarantun fastoci, za ta sauko kan bagade, daga nan ta shiga gidajen masu bi, aikin bishara kuma ya mutu. Gama wa zai bar garinsu ya kai bishara ga wata kabila idan ya gaskata sun riga sun tsira? Ikilisiyoyin da suke riƙe da Littafi Mai Tsarki suna ƙaruwa, amma ba su da isassun malaman da za su amsa wa waɗannan masana a matsayinsu. Ya ƙudura ya zama ɗaya daga cikin masu amsawa.

Karatun digiri na uku ba haddar abin da wasu suka faɗa ba ne. Ɗalibi yakan ɗauki tambaya ɗaya, ya bi ta shekaru, ya karanta abin da masu goyon baya da masu hamayya suka rubuta, ya auna su, sa'an nan ya rubuta nasa binciken ya kāre shi a gaban malamai. Kato ya gama digiri na biyu a 1971, ya karɓi na uku a 1974. Cikin bincikensa ya koma kan addinin mutanensa. Ya nuna cewa Jaba sun san akwai Mahalicci, suna kiransa Nom, kuma wannan ya yi daidai da koyarwar Romawa sura ta 1 cewa halitta tana shaidar Allah. Amma ya nuna sanin akwai Allah bai kawar da zunubi ba, bai kuma kawar da tsoron aljanu da mutuwa ba. Ba daga littafi kaɗai ya san wannan ba. Shi ne yaron da aka kai daji, ya san tsoron da ke can. Ya yi muhawara da rubuce-rubucen manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya. Daga baya wasu masana, har da Kwame Bediako na Gana, suka ce Kato ya tsananta wajen hukunta al'adun Afirka, kuma ana tattauna wannan har yau. Duk da haka tambayar da ya tayar tana nan a gaban kowane mai bishara.

Binciken nan ya zama littafi mai suna Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da koyarwar tauhidi za ta iya faɗawa a Afirka. An buga shi a 1975 a Evangel Publishing House da ke Kisumu a Kenya, maɗaba'ar da 'yan mishan na Fentikos daga Kanada suka kafa. Ka ga 'yan'uwanmu na wancan lokaci ba su ɗauki ilimi abokin gāban Ruhu ba.

Ga zuciyar koyarwarsa, a sauƙaƙe. Bishara tana iya sa rigar kowace kabila, amma ba a canza jikinta. Ba-Afirke ba ya bukatar zama Bature kafin ya zama Kirista. Ya yi sujada da harshensa, ya yabi Allah da gangarsa da muryar waƙar garinsu, ya sa tufafin gida, a yi masa wa'azi da misalan gona da kasuwa da ya sani. Abin da ba a taɓawa shi ne saƙon: dukan mutane masu zunubi ne, Almasihu ya mutu ya tashi, ceto ta wurinsa kaɗai yake. Idan aka ɗauko abin da tsafi yake dogara da shi aka shafa masa sunan Yesu, an gauraya bishara ke nan. Manzo Bulus ya nuna hanyar a Atina. Ya zaga birnin, ya duba abin da suke yi wa sujada, ya fara magana daga bagaden da suka gina wa allahn da ba su sani ba, ya nuna ya san mawaƙansu. Amma bai tsaya nan ba, ya kira su ga tuba, ya yi shelar tashin matattu, ko da yake wasu sun yi masa ba'a.

Ɗan'uwa, wannan ya shafe mu kai tsaye. Mun gaskata Ubangiji yana warkarwa, yana kuɓutarwa, yana ba da baye-bayen Ruhu har yau. Saboda haka ne ma ya kamata mu fi kowa lura. Yaƙub sura ta 5 ta koya wa dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai su yi addu'a cikin sunan Ubangiji. Amma idan kwalbar mai ta zama abin sayarwa, ana ɓoye ta a ƙarƙashin matashi kamar laya, me ya raba ta da abin da boka yake bayarwa? Idan kana zuwa wurin bawan Allah domin ya gaya maka wanda ya yi maka sammu cikin danginka, kamar yadda kakanni suke zuwa wurin mai duba, ka tambayi kanka ko zuciyarka ta bar tsohuwar hanya da gaske.

Kato bai zauna a Amurka ba, ko da yake ilimin da ya samu zai iya ba shi wurin zama a can. Tun 1973 aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na farko a wannan matsayi, ofishinsa a Nairobi. A watan Yuli 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lozan, ƙasar Suwizalan, a kan bishara da al'ada da haɗarin gauraya addini. A lokacin wasu shugabannin ikilisiya a Afirka suna kira a dakatar da zuwan 'yan mishan daga waje. Kato ya yarda ikilisiyar Afirka ta tsaya da ƙafafunta, amma ya ƙi a rufe ƙofa alhali akwai kabilu da yawa da ba su ji bishara ba. Ya yi ta roƙo a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka, ɗaya domin masu Faransanci, ɗaya domin masu Turanci, don kada kowane ɗalibi ya ƙetare teku kamar yadda shi ya yi.

Bai ga cikar wannan da idonsa ba. Ran 19 ga Disamba 1975, yana hutu da iyalinsa a bakin teku kusa da Mombasa, ruwa ya ci shi. Shekararsa 39. Bai cika shekara 2 da karɓar digirin da ya sha wahalar nema ba. Ga lissafin mutum, hasara ce. Amma a 1977 aka buɗe makarantar tauhidi a Bangui, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1983 kuma aka buɗe ta Nairobi. Ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA a Jos yana ɗauke da sunansa. Fastoci da masu bishara da suka fito daga waɗannan wurare suna aiki cikin kabilun da shi bai taɓa takawa ba.

To, me Ubangiji yake faɗa maka? Idan kai matashi ne, ko ke 'yar'uwa, kuna jin kira zuwa karatu mai zurfi domin aikin bishara, kada ku ji tsoro. Ku tafi da tambayar da take damun ikilisiya, ku riƙe addu'a da zumunta, ku dawo ku yi hidima. Idan digiri ya sa ka fi ƙarfin yi wa tsohuwa wa'azi a ƙauye da harshen da za ta gane, ka koma gaban Ubangiji da tuba. Idan kai dattijo ne ko mai hali, ka duba cikin ikilisiyarku, wataƙila akwai yaron da kuɗin makaranta ne kaɗai ya tsare shi. Wasu sun ba Byang ɗan aiki yana shekara 12, ba su san iyakar abin da suke shukawa ba. Idan kuma ba za ka taɓa shiga makarantar tauhidi ba, kana da maƙwabci na wata kabila ko wani addini. Ka koyi gaisuwarsa, ka ci abincinsa, ka saurare shi har ka gane abin da yake tsoro da abin da yake bege, sa'an nan ka gaya masa labarin Yesu cikin ladabi, ba tare da ka rage kome ba. Kada ka ce sai ka tsufa. Kato bai kai shekara 40 ba.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode maka domin bawanka Byang Kato, wanda ka fisshe shi daga tsafi ka mai da shi mai shelar Ɗanka. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙishin Maganarka. Ka tsarkake zuciyata daga kowace dogara da ba ta gare ka ba. Ka tayar wa ikilisiyarmu da malamai masu ilimi da tawali'u, ka ba mu zuciyar tallafa musu. Ka buɗe bakina ga maƙwabcina a wannan mako. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.