Tarihin Likita Robert Koch, Wanda Ya Gano Asirin Ciwon Saifa

Yau za mu ba da tarihin wani Bajamushe wanda duk mai shanu a ƙasar Daura ya ci moriyar wahalarsa.

An haifi Robert Koch a ƙasar Jamus cikin shekarar 1843. Da ya ƙare karatu sai ya zama likita a wani ɗan gari, Wollstein, inda ciwon saifa ke kashe shanu da tumaki, har da masu fiɗarsu. Ya riƙa ɗibar jini daga saifar mushen yana sa wa ɓeraye, suna mutuwa. Ya duba da madubi mai girmama abu, ya ga waɗansu ƙwayoyi kamar sanduna, ya rena su cikin ruwan idon sa. A 1876 ya bayyana cewa su ne sanadin cutar, kuma in sun sha iska sai su dunƙule kamar iri, su shekara da shekaru cikin ƙasa suna jiran dabbar da za ta zo kiwo.

Daga nan ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya bi ta kwalara har Masar da Indiya. A 1905 aka ba shi lambar girma ta Nobel. Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Maganin tarin fukan da ya fitar a 1890 bai warkar ba, wanda kuwa ya gwada wa masu ciwon barci a tsibiran tafkin Biktoriya ya makantar da waɗansu. Ya rasu a 1910.

Ilmi wuƙa ne, yana bin hannun mai riƙonsa. A 2001 aka aika irin ƙwayar nan cikin wasiƙu a Amurka, mutum 5 suka halaka, masana kuwa suka bi asalin halittarta har suka gane ɗakin binciken da ta fito.

To, jama'a, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a taɓa fatarta. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi, a yi wa saura allura. Shari'a ta riga ta hana mu mushe. Allah Ya kiyashe mu, amin.