Olikoye Ransome-Kuti: Ministan Lafiyar da Bai Ɓoye wa Jama'a Gaskiya Ba

An haifi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a Ijebu-Ode ranar 30 ga Disamba, 1927. Ya karanci likitanci a Dublin, ya kuma ƙware kan cututtukan yara. Da ya zama ministan lafiya a 1985, sai ya mayar da hankali ga kiwon lafiya a matakin farko: ɗakunan shan magani na karkara, ruwan gishiri da sukari, da allurar rigakafi.

An fi tunawa da shi kan faɗin gaskiya komai ɗacinta. A 1986 ya sanar da ɓullar ƙanjamau a Nijeriya; a 1997 ya bayyana wa duniya cewa ita ce ajalin ƙanensa, Fela.

Ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuni, 2003. A wannan shekarar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar hana haihuwa, ga kuma tabon gwajin maganin Trovan na 1996 bai warke ba. Cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Maganin yana nan jibge. Yardar jama'a ce ta ƙare, jarin da Olikoye ya shafe rayuwarsa yana tarawa.