Sid Luckman: Ɗan baƙin da har yau ake auna 'yan wasan Chicago Bears da shi

Duk lokacin da muka zauna da samarin unguwarmu masu bibiyar ƙwallon ƙafar Amurka a waya, gardama ɗaya ce ba ta ƙarewa: a tarihin ƙungiyar Chicago Bears, wane ne gwanin gwanaye cikin masu jefa ƙwallo? Wasu su ce Jim McMahon, wasu su ce Jay Cutler. Ni kuwa sai in kawo sunan mutumin da ya bar fili tun 1950, wato Sid Luckman, su kwashe da dariya, wai ina tono kabari. To, yau na ce bari in zauna in faɗi dalilina.

Ga wanda bai san wasan ba, ba irin namu ba ne na Hearts da Kotoko ko Coton Sport. Ƙwallon doguwa ce, da hannu ake ɗaukar ta ana jifa. Mai jefa ƙwallo, wanda suke kira kwatabak, shi ne madugu. Shi zai karanta tsayuwar abokan hamayya, ya zaɓi dabara, ya jefa wa ɗan'uwansa ko ya miƙa wa mai gudu. Idan aka kai ƙwallo ƙarshen fili, an ci maki shida. In madugu ya rikice, ayari duka ya ɓata.

An haifi Luckman ranar 21 ga Nuwamba 1916 a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai, a zamanin da manyan jami'o'in Amurka da dama ke ƙayyade yawan 'ya'yan Yahudawa da za su ɗauka. Mu da muka tashi a zango, cikin mutanen da addininmu da harshenmu suka bambanta da nasu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ya yi fice a makarantar sakandare ta Erasmus Hall, sannan ya tafi Jami'ar Columbia wajen koci Lou Little. Jami'ar ba ta ɗaukar nauyin ɗalibi don ya iya wasa, don haka yaron ya riƙa wanke kwanuka da aike-aike yana haɗa kuɗin karatu.

Ana cikin haka sai masifa ta faɗo gidansu. A 1935 aka kashe kawunsa, Sam Drukman, a garejin kamfanin motocin ɗaukar kaya na iyalin. A 1936 kotu ta sami mahaifinsa, Meyer Luckman, da hannu a kisan, aka kai shi kurkukun Sing Sing, inda ya mutu a 1944. Ku duba fa: wanda aka kashe ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, wanda aka ɗaure mahaifinsa ne, jaridun Niyok kuma kullum sunan gidansu suke bugawa. Saurayi ne da bai cika shekara 20 ba. Wannan shi ne abin da ya fara ja na zuwa gare shi, tun kafin alƙaluman wasa. Addininmu ya koya mana cewa ba a ɗora wa ɗa laifin uba, amma mu faɗi gaskiya, a unguwanninmu yaro nawa aka hana wa aure ko aka guje shi a kasuwa saboda abin da babansa ya aikata?

A 1939 George Halas, mai ƙungiyar Bears kuma kocinta, ya nace sai Luckman. Shi kuwa ba shi da niyyar zama ɗan wasa, so yake ya kama kasuwanci. Halas ya bi shi har gida, ya lallashe shi da kwantiragin dala 5,500. Abin da Halas ke nema shi ne mai ƙwaƙwalwa, domin shi da Clark Shaughnessy suna gyara wani tsohon tsarin tsayuwa mai siffar harafin T. A wannan tsari madugu yana tsayawa dab da bayan mai miƙo ƙwallo, ya karɓa hannu da hannu, ya juya ya yi kamar zai ba wannan sai ya ba wancan. Dabarun suna da yawa ƙwarai, sai an haddace su kamar karatun allo. Shekarar farko Luckman ya sha wuya, yana tuntuɓe, ƙwallo na suɓuce masa. Bai gudu ba.

Sakamakon ya fito ranar 8 ga Disamba 1940, a wasan ƙarshe na cin kofi da ƙungiyar Washinton. Makonni uku kafin nan Washinton ta doke su 7 da 3, har mai ƙungiyar ya yi musu gorin cewa ragwaye ne masu kuka. A ranar, Bears ta ci 73, Washinton ba ta ci ko ɗaya ba. Har gobe ba a taɓa samun irin wannan tazara a tarihin gasar NFL ba. Daga nan ƙungiyoyi da jami'o'i suka yi ta kwaikwayon tsarin, shi ya haifar da irin kwatabak ɗin da samarinmu ke kallo yanzu.

Sun sake ɗaukar kofi a 1941. A 1942 sun cinye wasanninsu 11 duka, sai Washinton ta rama a wasan ƙarshe da 14 da 6. Shekarar 1943 ita ce ƙololuwarsa: a watan Nuwamba, a gaban mutanen garinsu, ya jefa ƙwallo bakwai da aka ci maki da su a kan New York Giants, ya tara yadi 433 a wasa guda. A kakar mai wasa 10 kacal ya jefa 28 irin waɗannan, aka zaɓe shi gwarzon shekara, ya ƙara biyar a wasan ƙarshe da suka doke Washinton 41 da 21. Bayan nan ya shiga aikin jiragen ruwan dakon kaya na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana fitowa wasa idan an ba shi izini. A 1946 ya kawo kofi na huɗu.

Yanzu mu koma gardamarmu. McMahon ya ci Super Bowl a Janairun 1986, 46 da 10 a kan New England Patriots, kuma ban raina masa ba. Sai dai kowa ya san ƙarfin waccan ƙungiya yana wajen masu tsaron baya da kuma Walter Payton, shi kuma rauni bai bar shi ya daɗe yana tashe ba. Cutler, wanda ya yi wasa daga 2009 zuwa 2016, ya wuce Luckman a lissafi. Luckman ya tara yadi 14,686 da jifa 137 na maki, Cutler ya haura yadi 23,000 da jifa 154. Amma Cutler ya yi zamanin wasa 16 a kaka, da dokokin da ke kare mai jifa, kuma bai kawo kofi ko ɗaya ba. Luckman yana jifa, ya koma ya yi tsaron baya, ya kuma buga ƙwallo da ƙafa, duk a wasa guda. Bajintarsa ta tsaya fiye da shekara 60 kafin a kamo ta. Ni dai a wajena magana ta ƙare a nan.

Bayan ya yi ritaya ya yi arziki a kasuwancin ledar naɗe kaya, ya riƙa komawa yana koya wa matasan ƙungiyar jifa. An ajiye lambar rigarsa, 42, ba mai sake sawa, an kuma shigar da shi zauren gwarzayen wasan a 1965. Ya mutu ranar 5 ga Yuli 1998 a jihar Fulorida yana da shekara 81.

Ga samarin da za su tare ni gobe a wajen mai shayi, na san za ku zo da alƙaluman Cutler a waya. Ku zo da su, amma ku taho da lissafin kofuna ma. Allah Ya kai mu.