Tarihin Edward Blyden, Shaihin Malami Mai Kare Mutuncin Baƙar Fata

An haifi Edward Wilmot Blyden ran 3 ga Agusta, 1832, a wani tsibiri da ake kira Sen Tomas, can yammacin tekun Atlantika, sa'ad da tsibirin ke hannun Turawan Danmak. Iyayensa baƙar fata ne 'yantattu, uban tela ne, uwar kuwa tana koyar da yara. Amma ya buɗe ido ya tarar da 'yan'uwansa cikin bauta, gama ba a 'yanta bayin tsibirin ba sai cikin 1848.

Tun yana yaro aka ga alamar hazaƙa a gare shi. Wani limamin Kirista Ba'amurke, wai shi John Knox, ya ja shi jika, har cikin 1850 aka kai shi Amurka don ya shiga makarantar koyon aikin limanci. Makarantar Rutgers ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa, waɗansu biyu kuma suka yi masa haka. A shekaran nan ne aka kafa dokar kama bayin da suka gudu, har baƙin mutum ko da ɗa ne ba ya barci da ido biyu rufe. Da yaron ya ga haka sai ya shiga jirgin ruwa ya nufo Afirka, ya sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, cikin Janairu 1851.

A nan ya duƙufa ga karatu, ya ƙware a Latin da Girkanci da Ibrananci. Cikin 1856 ya buga ɗan littafinsa na farko, wanda a ciki ya yi kuka bisa bauta da ɓarnar da cinikin bayi ya yi wa Afirka. Cikin 1858 aka naɗa shi limamin coci, ya kuma zama shugaban makarantar da ya yi karatu a cikinta. Cikin 1862 ya zama babban malami a Kwalejin Laberiya, daga 1864 zuwa 1866 kuwa shi ne sakataren harkokin ƙasar.

Abin da ya juya tunaninsa shi ne saduwa da Musulmin cikin ƙasa, Mandinko da Fulani, waɗanda ke zuwa fatauci bakin teku da alluna da littattafansu. A zamanin nan Turawa da yawa na cewa baƙin mutum ba shi da tarihi, ba shi da rubutu, bai kuma iya riƙon ƙasa ba. Ga shi kuwa Blyden ya ga mutane baƙaƙe suna karatu da rubutu, suna da alƙalai da malamai, ba tare da wani Bature ya koya musu ba. Saboda haka cikin 1866 ya tafi Masar da Sham da Birnin Ƙudus, ya zauna Berut yana koyon Larabci, da ya komo ya shigar da shi cikin darussan kwalejin.

Cikin 1871 rigimar siyasa ta tashi a Laberiya, 'yan tarzoma suka kusa hallaka shi, sai ya tsere zuwa Saliyo. Gwamnatin Ingila ta can ta aike shi Falaba cikin 1872, da Timbo ta Futa Jalo cikin 1873, inda ya ƙara ganin makarantun Musulmi da idonsa. Daga baya ya koma wa Laberiya aiki, ya zama jakadanta a London cikin 1877, kāna shugaban kwalejin daga 1880 zuwa 1884. Ya nemi shugabancin ƙasar cikin 1885, bai samu ba.

Cikin 1887 ya tattara laccocinsa da maƙalunsa a littafi guda, aka buga a London da sunan Christianity, Islam and the Negro Race, watau Kiristanci da Musulunci da Jinsin Baƙar Fata. Jigon maganarsa shi ne, Kiristanci ya iske baƙin mutum na Amurka yana cikin sarƙa, daga hannun ubangidansa ya karɓe shi, don haka ya tashi yana raina kansa, yana kwaikwayon wani. Musulunci kuwa, a ganinsa, ya iske mutumin Afirka ta Yamma a gidansa da 'yancinsa, ya ba shi karatu, ya hana shi giya, ya kuma bar shugabancin addini a hannun 'ya'yan ƙasa. Littafin ya ta da ƙura a Ingila, har waɗansu suka yi tantamar cewa baƙin mutum ne ya rubuta shi. Duk da haka Blyden bai musulunta ba. Ya ajiye limancin cocinsa cikin 1886, amma bai bar addininsa ba.

Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. Cikin 1894 yana cikin manyan baƙin da suka halarci buɗe masallacin Shitta-Bey a Ikko, tare da Abdullahi Quilliam, shugaban Musulmin Liverpool. Cikin 1896 ya kama aiki da gwamnatin Ikko, ya taimaka aka buɗe makarantar gwamnati ta 'ya'yan Musulmi. Iyaye a lokacin suna gudun makarantun mishan don tsoron kada a raba yaransu da addini. Shawararsa ita ce a haɗa Larabci da ilmin zamani a ɗaki guda. Wannan aiki ya ci gaba da shi a Saliyo, inda ya riƙe shugabancin ilmin Musulmi daga 1901 zuwa 1906.

To, ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Blyden ya tsananta ƙiyayya ga baƙar fata masu ruwa biyu, abin da ya jawo masa gaba mai yawa. Ya kyautata zato ga mulkin Turawa, yana tsammani za su gyara ƙasa su tafi. Ya kuma sassauta magana bisa bautar da ake yi a ƙasashen Musulmi na zamaninsa, alhali bawa bawa ne ko a hannun wa yake. Kiran da ya yi ga baƙaƙen Amurka su komo Afirka kuwa, 'yan kaɗan ne suka amsa, gama irin su Frederick Douglass sun tsaya a kan cewa a Amurka za su nemi hakkinsu, tun da guminsu ne ya gina ta.

Cikin 1908 ya fitar da littafinsa kan zaman mutanen Afirka da al'adunsu. Ya ƙare kwanakinsa cikin rashin lafiya da ƙarancin abin hannu, ya rasu a Firitawun ran 7 ga Fabrairu, 1912, Musulmi da Kirista suka raka shi makabarta. Cikin 1971 wani masanin tarihi, Hollis Lynch, ya sāke tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa, ya bi da wasiƙunsa cikin 1978.

Jama'a, tambayar da Blyden ya ɗauka tana nan gaban duk wanda ke renon 'ya'ya a baƙuwar ƙasa: yaya yaro zai sami ilmin zamani bai rasa asalinsa da addininsa ba? Amsar da ya bayar ita ce a ba shi duka biyun, a kuma koya masa tarihin kakanninsa tun yana ƙarami, don kada ya girma yana jin kunyar kansa.