Alphonse Laveran: Likitan da ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro

A ranar 6 ga watan Nuwamban shekara ta 1880, a asibitin soja na birnin Konstantin da ke gabashin Aljeriya, wani likita Bafaranshe ya ɗiga jinin wani soja mai fama da zazzaɓi a kan gilashi, ya sanya a ƙarƙashin madubin likita. Abin da ya gani shi ne wata ƙaramar halitta mai rai, tana kaɗa wasu siraran zaruruwa har suna ture ƙwayoyin jinin da ke kusa da ita.

Sunan wannan likita Charles Louis Alphonse Laveran, kuma shekarunsa 35 a lokacin.

An haife shi a birnin Paris ranar 18 ga watan Yunin 1845. Mahaifinsa ma likitan soja ne, wanda aiki ya kai shi Aljeriya tare da iyalinsa tun Alphonse yana ƙarami. Daga bisani yaron ya koma Faransa, ya shiga makarantar likitocin soja ta Strasbourg a 1863, ya kammala a 1867. Ya yi aikin jinyar sojoji a birnin Metz lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870, sannan a 1874 ya zama malami a makarantar Val-de-Grâce, inda mahaifinsa ya taɓa koyarwa.

A shekara ta 1878 ne aka tura shi Aljeriya, da farko garin Bône, wanda a yau ake kira Annaba. Ya kamata a faɗi cewa asibitocin da ya yi aiki a cikinsu an gina su ne domin sojojin mulkin mallaka, kuma damuwar hukumomin Faransa da zazzaɓi ta samo asali ne daga yadda yake karkashe dakarunsu. Talakawan Aljeriya, da cutar ta fi daɗewa tana addabarsu, ba su ne a sahun gaba na lissafin ba.

A wancan zamani babu wanda ya san ainihin abin da ke haddasa ciwon. Sunan da Hausawa ke kiransa da shi yanzu ya riga ya tona asirin sauro, amma likitocin Turai na lokacin sun fi zargin gurɓatacciyar iskar fadama, wanda shi ne ma'anar kalmar maleriya a harshen Italiyanci. Maganin kwinin yana nan, sai dai likita ba shi da hanyar rarrabe wannan zazzaɓi da sauran, illa ya duba alamu ya yi kintace.

Laveran ya fara ne da gawawwakin waɗanda cutar ta kashe. An daɗe da sanin cewa akan sami wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a jini da saifar irin waɗannan mutane, shi kuwa sai ya ɗauki aniyar bin sawun ɗige-ɗigen a jinin masu rai. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Madubinsa yana ƙara girman abu kamar sau 400 ne kawai, kuma ɗanyen jini yake dubawa ba tare da rini ba, domin ba a riga an ƙirƙiro rinin da ke fito da ƙwayar fili ba. Duk da haka ya ci gaba da duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya ba da rahoton samun ƙwayar a jinin mutum 148 daga cikin 192.

Sai dai manyan masana ba su yi na'am da shi nan take ba. Shekara guda kafin bincikensa, Edwin Klebs da Corrado Tommasi-Crudeli sun sanar da cewa sun gano wata bakteriya a ƙasar fadamun da ke kewaye da birnin Rum, suka ce ita ce tushen cutar. Zamani ne da ake ɗora wa bakteriya alhakin kusan kowace annoba, saboda haka maganar wani likitan soja daga Afirka ta Arewa ba ta yi nauyi ba. Wasu suka ce ƙwayoyin jini ne da suka lalace ya gani.

A 1882 ya tafi Rum da kansa, ya duba jinin marasa lafiya a can, ya sake samun irin halittar da ya gani a Aljeriya. A 1884 ya nuna wa Louis Pasteur ita a Paris. Masanan Italiya Ettore Marchiafava da Angelo Celli, waɗanda da farko suka yi tababa, su ma suka gan ta da madubai mafi ƙarfi, kuma su ne suka raɗa mata sunan Plasmodium da ake amfani da shi har yau. Laveran ya yi hasashen cewa sauro yana da hannu wajen yaɗa ta, lamarin da Ronald Ross ya fara tabbatarwa a Indiya a 1897.

Rundunar da ya bauta wa kusan shekara 30 ba ta saka masa yadda ya dace ba. A 1894 aka tura shi Lille, daga nan Nantes, a kan muƙaman mulki da babu ɗakin bincike a tattare da su. Ga mutumin da rayuwarsa ta ta'allaƙa a kan madubi, wannan tamkar ɗauri ne. A 1896 ya ajiye aikin soja, ya koma Cibiyar Pasteur a matsayin mai binciken sa kai.

A nan ne ya mai da hankali kan ƙwayoyin da ke haddasa ciwon barci a jikin mutane da sammore a jikin dabbobi, cututtukan da makiyayan Afirka ta Yamma suka sani sarai a duk inda ƙudan tsando yake. Shi da abokin aikinsa Félix Mesnil sun wallafa wani babban littafi a kan waɗannan ƙwayoyi a 1904.

A shekara ta 1907 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci, ya zama Bafaranshe na farko da ya same ta a wannan fanni. Rabin kuɗin kyautar ya bayar aka kafa ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Cibiyar Pasteur. Abin lura a nan shi ne, shekara 27 bayan gano ƙwayar, sai da mai binciken ya sa hannu a aljihunsa kafin aikin ya sami mazauni na kansa. Shekarar da ta biyo baya ya kafa ƙungiyar masanan irin waɗannan cututtuka, ya shugabance ta tsawon shekara 12.

Laveran ya rasu a Paris ranar 18 ga watan Mayun 1922, ya bar matarsa Sophie, ba su haihu ba.

Hanyar da ya buɗe ta duba jini da madubi tana aiki har yanzu, amma tana bukatar ƙwararren ma'aikaci da rini mai kyau da wutar lantarki, abubuwan da suka yi ƙaranci a asibitocin karkara. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro ɗan gwajin gaggawa a shekarun 1990, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da magani. A Najeriya, inda ake samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, har yanzu mutane da dama kan sayi magani a kantin unguwa da zarar jiki ya yi zafi.

Shi ma gwajin gaggawan ya fara cin karo da matsala. A Peru da Eritiriya da Habasha an sami ƙwayoyin da ba sa fitar da sinadarin da yawancin gwaje-gwajen ke nema, ta yadda mai ciwo zai fito kamar lafiyarsa ƙalau. Samar da sabbin gwaje-gwaje na bukatar kuɗi, alhali kason da fannin gano cuta ke samu daga kuɗin binciken maleriya bai kai na magunguna da rigakafi ba.

Ita kuwa Aljeriya, a watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro.