Likita Mila da Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Karatu: 2 Korintiyawa 4:7-12

Yawancinmu a nan Injamena mun san gidan ƙasa. Mun san yadda ake yaɓe kafin damina, mun kuma san abin da ruwa yake yi wa bangon da aka ƙyale. Yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah da sunansa yake haɗe da wata majami'a ta ƙasa a Wusasa, kusa da Zariya a Nijeriya, ko da yake ba shi ya gina ta ba.

An haifi Walter Miller a Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin Bartalamawus Mai Tsarki a Landan, tsohon asibiti da aka kafa tun 1123. Da ya ba da kansa ga aikin bishara a ƙarƙashin mishan na CMS ta ikkilisiyar Angilika, sai ya fara zuwa Tarabulus domin ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. A shekara ta 1900, shekarar da Faransawa suka kafa Fort-Lamy, wato garin nan namu, shi da Bishop Tugwell da abokai uku suka isa Kano. Sarki Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka koma Girku, a can ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Mila, kamar yadda Hausawa suka kira shi, bai fasa ba. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Ba mutum ne mai sauƙin zama ba, gaskiya ce wannan. Yana da kafiya da kaifin baki, ya sha saɓawa da Turawan mulki waɗanda ba sa son a yi wa'azi a ƙasashen sarakuna. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka ba da gaskiya kuwa ƙalilan ne.

A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Suka taru a Gimi suka kafa ƙauyen masu bi. Sai ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, sauran suka watse. Yaran da suka tsira, wasu a makarantar Mila suka girma.

Burinsa shi ne ikkilisiya ta tsaya a cikin ganuwar birni. Bai samu ba. Da aiki ya yi girma, hukuma kuma ta matsa, sai aka mai da mishan bayan gari, zuwa gindin dutsen Wusasa, a 1929. Wani ƙaramin abokin aikinsa, Guy Bullen, shi ya ja gaban wannan ƙaura. Mila kuwa, bayan shekara 24 a birnin, ya tafi Kano.

A Wusasa aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki, suna ɗaya da asibitin da Mila ya yi karatu. A ƙauyukan Ingila akwai majami'u masu shekara 700 ko 800, kowace an gina ta da dutsen yankinta, da hasumiya, da kaburburan kakanni kewaye da ita. Masu ginin Wusasa ba su kwaikwayi surar waɗannan ba, amma sun bi hikimarsu, suka ɗauki abin da yake ƙarƙashin ƙafarsu. Magina Hausawa suka yi aikin, irin ginin da Zariya ta yi suna da shi tun zamanin Babban Gwani. A irin wannan gini ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya a rana, a ta da bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Rufin kuwa bakan gizo ne yake ɗauke da shi: ana jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, kowane sashe ya ɗan zarce na ƙasa da shi, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Da rana tsaka ciki da sanyi. Bahaushen da ya shiga ba ya jin ya shiga gidan baƙo. Sai dai ginin ƙasa ba ya yarda a manta da shi, in jama'a suka daina gyara, damina biyu ko uku sun isa. Manzo Bulus ya kwatanta mu da tukwanen yumɓu da aka ajiye dukiya a ciki, mai zama a gidan ƙasa kuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Shi Mila a Kano ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi tare da waɗansu 'yan mishan da Hausawa masu bi, wato juya Littafi Mai Tsarki. A 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Wannan littafi ya shiga inda Mila bai taɓa sa ƙafa ba, ya haye Tafkin Cadi da kogin Shari a cikin kayan fatake da masu bishara. Daga cikin yaran da ya koyar kuwa aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. Yakubu Gowon, wanda ya zama shugaban ƙasar a 1966, a Wusasa ya girma ya yi makaranta.

Mila bai taɓa aure ba. Ya koma Ingila bayan ya ajiye aiki da CMS, amma zaman bai yi masa ba, ya sake dawowa Nijeriya. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara 80. Tsohuwar majami'ar ƙasa tana nan tsaye a Wusasa, ta doshi shekara 100.