Sakichi Toyoda: Ɗan Kafintan da Ya Sayar wa Ingila Fasahar Saƙa

An haifi Sakichi Toyoda ranar 14 ga Fabrairu, 1867, a wani ƙauye da ke lardin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa tana saƙar hannu a gida. Ya tashi a zamanin da masaƙun Japan suka dogara kan injunan Ingila.

A 1891 ya yi rajistar masaƙar katako da ya ƙera, a 1896 ya fito da mai aiki da tururi. A 1910 ya bar kamfanin da ke ɗauke da sunansa bayan saɓani da masu jari kan kuɗin gwaje-gwaje, amma bai karaya ba. A 1924 ya kammala injin saƙa samfurin G, wanda ke sauya ƙoshiya yana cikin gudu, ya kuma tsaya da kansa da zarar zare ya tsinke, don haka ma'aikaci ɗaya kan kula da injuna da dama.

A 1929 reshe ya juye da mujiya: kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000. Toyoda ya rasu ranar 30 ga Oktoba, 1930. A 1933 Japan ta zarce Ingila wajen fitar da yadin auduga, ɗansa Kiichiro kuma ya buɗe sashen motoci a kamfanin, wanda ya zama Toyota a 1937.

Masaƙun Kaduna da Kano kuwa da injunan waje suka soma, da su suka durƙushe. Ƙasar da ke ƙera injin ita ke yanka wa mai saƙa farashi.